Sandar AZ31 tana tsagewa a ECAP tun zagayen farko, ina matsalar?

Ɗalibi_Yelwa:
Salamu alaikum malamai. A nan Bauchi muna aikin ƙara wa maganiziyam AZ31 (wanda aka gauraya da ɗan alminiyam da zink) miƙuwa ta hanyar ECAP, wato tura sanda da ƙarfi ta cikin ramin mazubi mai gwiwa ba tare da kaurinta ya canza ba. Sanda mai kaurin milimita 10, tsawo 60, ramin mazubin kuma gwiwarsa digiri 90 ce. Ana dumama sandar a tanderu zuwa digiri 200 na Selsiyas sannan a kai ta injin matsa. Tana fitowa da tsagu a jere a samanta kamar haƙoran zarto. Mene ne ke jawo haka?

Injiniya_Gombe:
Wa alaikumus salam. Ɗalibi, mazubin naka sanyi ne, nan gizo ke saƙar. Sanda ƙarama irin wannan kafin ka ɗauko ta daga tanderu ka saka ta a rami ta zubar da zafinta, balle yanzu da hunturu. Mazubin ake dumamawa, a huda masa rami kusa da gwiwar a saka ma'aunin zafi, a bar sandar a ciki minti 10 zuwa 15 kafin a fara matsawa.

Dalili kuwa, atam ɗin maganiziyam a jere suke cikin tsari mai kusurwa shida, kuma idan da sanyi shimfiɗar gindi, wato shimfiɗar atam ɗin da ke gindin wannan tsarin, ita ce kaɗai ke zamewa cikin sauƙi. Hanyoyi biyu masu zaman kansu take bayarwa, alhali ƙarfe na bukatar biyar kafin ya lanƙwasu ba tare da ya fashe ba. Sauran shimfiɗun sai zafi ya haura wajen digiri 200 suke buɗewa sosai. To gwiwar digiri 90 tana ɗora wa sandar murɗiya mai yawa a zagaye guda, sai duk ta taru a sirara-siraran layuka, su ne tsagun da kake gani.

Fara da zafin digiri 250 a zagaye biyu na farko, ka sauko 200 a biyu na gaba, tunda ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen sun ƙanƙance za su jure. Tsakanin kowane zagaye ka juya sandar digiri 90 ta ɓangare ɗaya, wato hanyar Bc. Shafa wa sandar girafait ko MoS2, wato sinadaran da ke sa santsi, kuma kada gudun matsawa ya wuce milimita 1 a daƙiƙa.

Malama_Gubi:
Injiniya ya gama da zafi, amma ba ka faɗa mana ba, sandar zubi ce ko wadda aka riga aka tura ta injin fitar da sanda? Idan zubi ce, ƙwayoyinta manya ne, ko a 250 tana iya tsagewa. Nemi wadda aka tura, ko a sassaƙa maka mazubi mai gwiwar digiri 120, sai ka ƙara yawan zagaye.

Sannan ka shirya wa abin da gwajin ja zai nuna maka. Miƙuwa za ta ƙaru sosai, an samu AZ31 da ta haura kashi 40 cikin 100 bayan ECAP da ɗan gasa ta a tanderu. Amma ƙarfin da take fara lanƙwasa a kansa yakan ragu, duk da ƙwayoyin sun yi ƙanana. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka injin gwajin ne ya lalace. Ba shi ba ne. ECAP yana karkatar da shimfiɗar gindi zuwa kusan digiri 45 da tsawon sandar, inda zamewa ta fi sauƙi. Ka rubuta alkiblar da ka yanko samfurin, don sakamakon yana canzawa da ita.

Ɗalibi_Yelwa:
Zubi ce, Malama. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi.

Injiniya_Gombe:
Wajen fiƙe samfurin gwaji ka kula da ɓarɓashin, yana kama wuta, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. A ajiye bokitin busasshen yashi kusa da injin, a riƙa share ɓarɓashin ana zuba shi a gwangwani mai murfi.