Shafin shagona ya daina buɗewa, yaron da ya yi min shi kuma ba na samunsa

Maman Sadik, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar shafin intanet. Ina da shagon ɗinki a Tudun Wada, Zariya, manyan riguna muke yi, aikin hannu kuma a cikin gari ake yi mana, aska takwas da aska biyu da sauransu. Shekara biyu ke nan wani ɗalibi da ke zaune a Samaru ya buɗe min shafi, na biya shi kuɗinsa cif. Ta nan na samu kwastomomi daga Abuja da Legas, har da wani daga Maraɗi. Ranar Talata wata ta kira ni ta ce shafin ba ya buɗewa. Da na duba, babu hotunanmu ko ɗaya, sai wasu tallace-tallace da ban san su ba. Yaron ya tafi bautar ƙasa, lambarsa ba ta shiga, ni kuma ban taɓa karɓar kalmar sirri a hannunsa ba. Adireshin nan shi ne a jikin ledojinmu da allon shago, ga sallah na matsowa. In haƙura in buɗe sabo ne, ko da yadda za a yi?

Baban Hafsa, Samaru:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki haƙura tukuna, amma ki yi sauri, don kwanaki ake ƙirgawa.

Abu biyu ake biya wa kuɗi a shafi. Akwai sunan, wanda muke kira domen, wato adireshin da ke jikin ledarki. Akwai kuma hostin, inda aka ajiye hotuna da rubutun. Dukkansu haya ne, kamar rumfar kasuwa, ba saye ba. Tallan da kika gani alama ce ta cewa hayar sunan ce ta ƙare, kamfanin da aka yi rajista da shi ya ɗora nasa shafin a wurin.

In adireshinki da .com ya ƙare, ki shiga lookup.icann.org ki rubuta shi. Zai nuna miki kamfanin da aka yi rajistar a wurinsa da ranakun da suka shafe ta. In kuma .com.ng ne, hukumar NiRA ce ke kula da sunayen Najeriya, a shafinsu ake duba wannan. A tsarin .com, bayan wa'adi ya cika akwai ƙarin lokacin da ba ya wuce kwana 45, wasu kamfanonin ma ba sa ba da duka, wanda a cikinsa za a iya sabuntawa. In ya wuce sai a shiga wasu kwana 30 na fansa, a nan kuɗin ya ninka sosai. Daga nan kwana 5, sai a saki sunan, kowa ma yana iya ɗauka. Kuma akwai masu zaman jiran irin wannan, su saye su dawo su sayar wa mai shi da tsada.

Tunda ranar Talata abin ya faru, ina kyautata zaton kina cikin zangon farko. Abin da ya rage shi ne a samo yaron, domin kamfani mai rajista yake sani, ba mai shago ba. Ki neme shi ta abokansa, ko gidan da ya zauna, ko iyayensa.

Ummu Khadija, Sabon Gari:
Anti ni dai a ganina ki rabu da wahalar nan. WhatsApp Business na da wurin jera kaya da hoto da farashi, kyauta ne. Ki kuma sa shagon a taswirar Google, duk wanda ya nemi ɗinkin babbar riga a Zariya ya gan ki da lambar waya. Ni da su nake sayar da turarukana, ban taɓa biyan kowa ko sisi ba.

Baban Hafsa, Samaru:
Ƙanwata, su ma ta yi su, yau ɗin nan ma, don kada ciniki ya tsaya. Sai dai sunan nan yana jikin ledoji da suka riga suka shiga gidajen mutane. In wani ya ɗauke shi ya sa lambar asusunsa da hotunan riguna, wa kwastoma zai kama? Ko ba za ta ci gaba da shafin ba, sunan kam ta riƙe shi.

Ɗan Gyallesu:
Mama, ko da hostin ɗin ma ya ƙare an goge komai, ki sa a duba miki web.archive.org. Wannan rumbu ne da ke ɗaukar kwafin shafuka lokaci-lokaci. Ba kowane shafi yake kamawa ba, amma in an dace za ki samu rubutun da wasu hotunan. Sannan ki kula, yanzu wasu za su fara bin ki ta bayan fage suna cewa ki turo kuɗi su dawo miki da shafin. Galibi babu mai iya sabunta sunan sai ta asusun da aka yi rajistar.

Malam Mai Kwamfuta, Kongo:
Hajiya, ni abin da zai biyo baya zan yi magana a kai, domin na ga irin wannan ya faru ga makarantu da shaguna ba sau ɗaya ba. Yaran nan galibi ba mugunta ba ce, da imel ɗinsu suke yin rajista don ya fi musu sauƙi. Saƙon tunatarwa can yake zuwa, su kuma hankalinsu ya koma wani wuri.

In kin same shi, ya fara sabuntawa. Daga nan ki buɗe naki asusun a wannan kamfanin, da imel ɗinki da lambarki, ya tura sunan zuwa cikinsa, a kuma canza bayanan mai rajista su koma naki. Ki zauna a yi a gabanki. In wani kamfanin kike so ki koma, akwai wata lambar izini da ake karɓa daga tsohon, amma wannan ba na gaggawa ba ne. Imel ɗin nan ki sa masa tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an kuma shigar da lambar da ke zuwa waya, don duk wanda ya riƙe imel ya riƙe shafin. In da hali ki biya shekara biyu ko uku a haɗe; .com ana iya biya har na shekara 10. Ranar ƙarewar ki rubuta ta a littafin shago, kusa da ranar biyan haya.

Na biyu, in da manhajar gina shafi ta WordPress aka gina shafin, kamar yadda aka gina da yawa irinsa, ki ce ya buɗe miki naki matsayin na mai gudanarwa. Duk wanda zai yi miki aiki nan gaba a buɗe masa nasa daban, in ya gama a rufe. A sa UpdraftPlus, wani ƙari ne da ake ɗora wa WordPress, ya riƙa aika kwafin shafin zuwa Google Drive ɗinki, wato ma'ajiyar Google, duk mako. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta ya ishi shafin shago. Kuma kada wani ya caje ki kuɗi mai yawa a kan ɗan kwaɗon tsaron nan da wasu manhajojin shiga intanet ke nunawa a gefen adireshi. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt kyauta take ba da shi, kamfanonin hostin da yawa suna sabunta shi da kansu.

Hotuna kuma, ki rage musu nauyi kafin a ɗora. Hoton waya guda yana kai megabait uku ko huɗu, mai ƙaramar data ba zai jira ya buɗe ba. Shafin TinyPNG ko na Squoosh na rage shi ƙwarai, zaren aikin kuma ya fito sarai.

Maman Sadik, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Sadik ya duba min inda Baban Hafsa ya ce, .com ne, mun ga sunan kamfanin. Na je gidan da yaron ya zauna a Samaru, mai gidan ya haɗa ni da yayarsa, ta ba ni sabuwar lambarsa. Ashe wayarsa aka sace. Ya ba ni haƙuri sosai, ya ce imel ɗin na nan yana shiga, na tura masa kuɗin ya sabunta, da magariba shafin ya dawo da hotunansa. Hostin ɗin saura wata biyu. Malam, in ba damuwa ranar Asabar bayan la'asar zan zo Kongo da Sadik, mu kira yaron a waya a mayar da komai sunana a gabanka.

Malam Mai Kwamfuta, Kongo:
Allah ya kai mu, Hajiya. Ki taho da wayar da imel ɗinki yake ciki, a nan lambar tabbatarwa za ta shigo.