Tafkin Powell: wa ya taɓa shiga jirgi a can, kuma me kuka gani kan batun zuƙe shi?

Bakano a Phoenix

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yara sun sa ni gaba sai mun je Tafkin Powell idan an yi hutu, wanda ke kan iyakar jihohin Arizona da Yuta a nan Amurka. Ina cikin tambayar kuɗin hayar jirgi sai wani abokin aiki ya ce mini akwai masu fafutukar a buɗe madatsar Glen Canyon a bar ruwan ya wuce, tafkin ya zuƙe. Abin ya ɗaure mini kai. Tafki mai tsawon kusan kilomita 300 a tsakiyar hamada, a ce a rabu da shi? Wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani, da kuma inda ya tsaya a wannan muhawara.

Direban tirela, Salt Lake

Wa'alaikumussalam Malam. Mu ta Bullfrog muka shiga, tashar jiragen da ke ɓangaren Yuta, a bazarar 2019. Mun haɗa kuɗi da abokai muka yi hayar jirgi mai ɗakuna, da kicin da banɗaki da komai. Tafiyarsa a hankali take, kuma ba shi da birki, sai ka fara shirin tsayawa tun daga nesa. Da yamma za ka nemi gaɓa mai rairayi ka soka hancinsa a ciki, ku sauka da shebur ku haƙa ramuka masu zurfi ku binne ƙarafan da ake ɗaure shi. Kada ka yi wa wannan aiki ha'inci. Wata la'asar sama tana tas, kafin mu gama shan shayi hadari ya haɗo daga bayan duwatsu, iska ta riƙa jijjiga jirgin har igiya ɗaya ta fara janyo ƙarfenta daga ƙasa. Mutum uku muka rataya a kan igiyar, ɗaya yana kan inji, har ta lafa.

Amma wallahi ban taɓa ganin wuri irinsa ba. Jajayen duwatsu sun miƙe tsaye daga cikin ruwa, ka shiga wani lungu da ƙaramin jirgi yana ƙara matsewa har ka iya taɓa bango biyu da hannuwanka. A rufin jirgi muke kwana. Sallar asuba a kan falalen dutse muke yi, dutsen bai gama hucewa daga zafin jiya ba.

Da na koma a 2022 na tarar gangaren simintin da ake sauke jirage ya ƙare a kan busasshiyar ƙasa, ruwa yana can nesa. Farin zanen da ruwa ya bari a jikin duwatsu ya fi bene mai hawa goma tsayi. Raina ya ɓaci. Ni dai ban goyi bayan a zuƙe shi ba ko kaɗan.

'Yar Damagaram, ɗalibar injiniyan ruwa

Yaya Direba, sannu da hanya. Bari in fara gyara wani abu da ke rikita mutane: babu mai cewa a zubar da ruwan a banza. Shawarar da ƙungiyar Glen Canyon Institute, wadda aka kafa a 1996, take tallatawa ita ce a bar ruwan ya gangara ta babban kwazazzabon Grand Canyon ya taru a Tafkin Mead, bayan madatsar Hoover kusa da Las Vegas. Hujjarsu ita ce manyan tafkuna biyu ne a kogi ɗaya, kuma shekaru da dama ko rabi babu wanda ya kai a cikinsu.

Ga lissafin. Idan Powell ya cika, saman ruwansa yana ƙafa 3,700 sama da teku. A Afrilun 2023 ya sauka zuwa wajen 3,520, kusan kashi 22 cikin ɗari na abin da yake iya ɗauka. Idan ya kai 3,490 injinan lantarki za su tsaya. Daga nan ruwa ba shi da mafita sai wasu bututu huɗu da ke ƙasa, waɗanda ba a gina su don aikin kullum ba, kuma a 2024 hukumar madatsun ruwa ta tarayya ta sanar cewa ta ga lalacewa a cikinsu. Idan ya kai 3,370 ko ɗigo ba zai wuce ba. Kogin Kolorado kuwa, wanda madatsar take a kansa, kimanin mutum miliyan 40 ne suke sha da noma da shi, a jihohi bakwai da ƙasar Meziko.

Abin da na gani da idona shi ya fi lambobin nan tasiri a kaina. Mun shiga reshen tafkin da ake kira Escalante da ƙananan kwale-kwale na tuƙi da filafili, har inda ruwa ya ƙare a taɓo. Muka ɗaure su muka ci gaba da ƙafa. Farko laka ce mai wari, ƙafa tana nutsewa har ƙauri, ga gwangwanaye da tsohuwar kujerar roba da gilashin ido da suka faɗa ruwa shekarun baya. Muna ƙara gaba sai ƙasa ta yi ƙarfi, ƙorama tana gudu garai-garai, kwaɗi suna tsalle, itatuwa sun fi ni tsayi nesa ba kusa ba, a wurin da farin zanen yake can sama da kawunanmu. Babu wanda ya shuka su. Ruwa kawai ya janye suka fito. A wannan yanki ne akwai kogon da ake kira Cathedral in the Desert, wanda ya daɗe a nutse, ya sake bayyana a 2005 da kuma 'yan shekarun nan.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye ba: wani bincike na Jami'ar Jihar Yuta a 2016 ya nuna ruwan da za a tsirar daga tururi idan aka tara komai a Mead bai kai yadda masu fafutukar suke faɗa ba. Don haka ni ba a kan wannan na dogara ba. Damuwata ita ce madatsar ba ta da ƙofa a ƙasa.

Maman 'yan biyu, Las Vegas

Malam Bakano, tunda da yara za ka, ka riƙe waɗannan. Rigar ceto a jikinsu kullum, ko jirgi yana tsaye. Kada kowa ya yi iyo a bayan jirgi idan janareta ko inji yana aiki, hayaƙin yana taruwa a ƙarƙashin dandamalin baya, gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma ta kashe mutane a tafkin nan. Ka saya musu takalman ruwa: akwai wasu ƙananan ƙumba da suka mamaye duwatsun gaɓa, kaifinsu kamar reza, sun yanke wa ɗana tafin ƙafa. Saboda su ne ma ake duba kowane jirgi idan ya fito. Tashar Dangling Rope da ake shan mai a tsakiyar tafki tana rufe tun 2021, ka yi lissafin manka da kyau. Kuma ka duba matakin ruwa kafin ka biya kuɗi.

Ma'aikaciyar jinya, Flagstaff

Na yi aiki na wani lokaci a wajen garin Page da ke kusa da madatsar, kuma yawancin marasa lafiyarmu 'yan ƙabilar Navajo ne, 'yan asalin yankin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne na ga mutane suna jigilar ruwa a duro a bayan a-kori-kura, tafiya mai nisa a kan hanyar burji, alhali ga tafki shimfiɗe suna hango shi daga kan tudu, ana tseren jirage a kai. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen ƙasar Navajo ba su da famfo. Na wanke wa wata tsohuwa ciwon ƙafa na ce ta riƙa wankewa safe da yamma, jikarta ta yi shiru, daga baya ta ce mini ruwan da suke da shi na sha da girki ne.

Kada kuma a ɗauka duk suna son a zuƙe shi. Tashar jiragen Antelope Point a ƙasarsu take, 'ya'yansu da yawa can suke aiki, ko a otal-otal da kai baƙi yawo. Tashar lantarki ta kwal da ke kusa, wadda ta riƙe gidaje da dama, an rufe ta a 2019. Idan tafkin ya tafi ba tare da an tanadi wani abu ba, su za su fara ji a jikinsu.

Na je Rainbow Bridge a jirgin haya, wata gadar dutse ce da Allah Ya yi, tsayinta ƙafa 290. Wuri ne mai alfarma a wurinsu, har sun kai ƙara kotu a shekarun 1970 kan ruwan da ya iso gindinta da cunkoson baƙi, ba su yi nasara ba. Ana roƙon baƙi kada su bi ta ƙarƙashinta. Idan kun je ku kiyaye.

Dattijo daga Gashuwa

'Ya'yana, ni ɗana ne ya kai ni da na zo ganin jikoki. Ban shiga babban jirgi ba, ƙarami muka hau daga tashar jiragen Wahweap muka zaga, sannan na tsaya a kan gadar da ke gaban madatsar na leƙa ƙasa. Ƙafa 710 na siminti, kogin kuma can ƙasa siriri, kore, sanyi ƙalau. Ɗana ya ce dā ja ne saboda laka, yanzu lakar duk tana kwanciya a cikin tafki.

Ni mutumin ƙasan madatsa ne. An gama Tiga a 1974, Challawa ta biyo baya a 1992, Kano ta samu ruwan sha da noman rani, ba na musun alherin. Mu kuwa daga Haɗeja zuwa Nguru da Gashuwa ambaliyar da ke shayar da fadamunmu ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa suka shiga wani hali. Don haka na tambayi ɗana su waye a ƙarshen wannan kogin. Ya ce mutanen Meziko ne, kuma yawancin shekaru kogin ba ya ma isa teku. Ku sa su cikin lissafinku.

Direban tirela, Salt Lake

Baba, Allah Ya ƙara girma, na ji. Amma ƙanwata injiniya, an rufe ƙofofin madatsar nan a 1963, tafkin bai cika ba sai 1980. Shekara 17. A 1983 ruwa ya yi yawa har sai da aka ƙara katako a saman ƙofofin don kada ya tsallake. A 2023 ma dusar ƙanƙara ta sauka sosai a duwatsu, tafkin ya tashi ƙafa sittin da wani abu cikin 'yan watanni. Idan irin wannan shekara ta zo babu rumbu, ina za a sa ruwan? Ga ƙananan garuruwa da ƙabilu da ke samun lantarki mai sauƙi daga can.

'Yar Damagaram, ɗalibar injiniyan ruwa

Yaya, Mead yana da wurin da zai ɗauke irin wannan shekara, shi ma ai fiye da rabinsa wayam ne. Tushen matsalar tun 1922 yake: da aka raba kogin tsakanin jihohi, an yi lissafi da shekarun da ruwa ya yi yawa, aka raba abin da babu. Daga 2000 zuwa yau kwararar kogin ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Mafi yawan ruwan kuma gona yake tafiya, babban kaso a ciyawar shanu. Ƙa'idojin rabon da aka kafa a 2007 wa'adinsu ƙarshen 2026 ne. Ni abin da nake so a haƙa hanyar ruwa ta cikin dutse a gindin madatsar tun ana da lokaci, kuma ita kanta hukumar ta fara duba yiwuwar haka. Idan shekara ta yi kyau a rufe a tara, idan fari ya tsananta kogi ya samu hanya.

Direban tirela, Salt Lake

Idan ƙofa ce da za a iya rufewa, zan iya yarda da wannan. Rusa madatsar ne ba zan yarda da shi ba. Kuma duk kuɗin da za a ware wa haƙa dutsen, a fara cire na bututun da zai kai famfo gidajen Navajo da Hajiya ma'aikaciyar jinya ta ba mu labari.