Wace kotu ka kai kamfani ƙara, kuma yaya ta kaya?

Ɗan Kantin Kwari: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani kamfani mai hedikwata a Legas ya karɓi kuɗin atamfa a hannuna, kaya shiru. A Kano zan shigar da ƙara, ko sai na bi su can? Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba mu labari.

Tsohon Direba: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni sallamata aka yi daga aiki ba a biya ni haƙƙina ba, na kai su Babbar Kotun Jiha. Lauyan kamfanin bai ce uffan a kan kuɗin ba. Miƙewa ya yi, ya gyara baƙar rigarsa, ya ce kotun ba ta da hurumi. Alƙali ya ba shi gaskiya, domin tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya damƙa rigimar ma'aikaci da ubangidansa ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Duk zaman da muka yi ya tashi a banza. Abin da ya fi yi min ciwo, Kotun Ma'aikatan nan tana da reshe a Kano.

Hajiya Mai Shago: Ni da banki ne, kuɗi suka yi ɓatan dabo a asusuna. Na kai su kotun jiha, su ma suka ce ba ta da hurumi, sai Babbar Kotun Tarayya. Lauyana ya kawo hukuncin Kotun Ƙoli na 2004, shari'ar NDIC (hukumar inshorar kuɗin ajiya a bankuna) da kamfanin Okem: tsakanin banki da mai ajiya, ta jiha ma tana da hurumi. Aka ci gaba.

Lauyan Zariya: Alhaji, taka maganar ciniki ce zalla, don haka kada ka doshi ta tarayya, Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofa a shari'ar Onuorah da matatar man Kaduna a 2005. Babbar Kotun Jiha ce. Wace jiha? Ana duba inda ya kamata a cika alkawarin, ko inda kamfanin ke harkarsa. In a Kano aka ce za a sauke maka kaya, kana da hujjar tsayawa gida. Amma sammacin da zai fita zuwa Legas sai an rubuta a jikinsa cewa wajen jiha za a kai shi, a kuma ba su aƙalla kwana 30 su amsa. Na ga ƙara mai ƙarfi ta rushe saboda wannan layi ɗaya, har yau raina na ɓaci in na tuna.

Maman Yara: Alhaji, juya bayan takardar cinikin tukuna. A tawa, da ƙananan rubutu, an sa cewa duk saɓani sai a gaban masu sasanci a Legas. Da yake na sa hannu, alƙali ya dakatar da ƙarar ya ce mu je can. Kuɗin mota da masauki kaɗai sun kusa cinye abin da nake bi.