Makarantar gyaran gashi ko koyo a wajen madam?

'Yar Aboabo: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta gama SHS, wato babbar sakandare, tana so ta shiga makarantar kwalliya a nan Kumasi, amma kuɗin makaranta daban kuɗin kayan aiki daban, draya da su kayan mekop duk kai za ka saya. Mama ta ce mu ci bashi, ni kuwa wallahi gabana faɗuwa yake. Ya kuke gani?

Maman Asawase: Wa alaikumus salam 'yata. Kada ku taɓa bashin masu ruwa, ga haram ga tashin hankali, yarinya ba ta fara samu ba an fara ƙwanƙwasa ƙofa. Ku shiga susu, wato adashe, ku riƙa biya kaɗan kaɗan. Kuma kafin ku ba da ko sidi ɗaya ku tambaya, in ta gama za ta iya rubuta jarrabawar sana'a ta gwamnati irin ta NVTI? Takardar ita ce abin.

Ɗan Sabon Zongo: Hajiya ta faɗi gaskiya. Lamunin SLTF ma, wato asusun bashin karatu na gwamnati, na ɗaliban manyan makarantu ne da aka tantance, ƙananan makarantun kwalliya ba lallai su shiga ciki ba.

Mai kitso: Yaya ni wajen madam mai shagon gyaran gashi na koya, ya fi daɗewa kuma akwai aike da shara amma hannu yana faɗawa sosai tunda kullum kan mutane kike taɓawa. Yawancinmu mata ne, wasu da goyo ma, maza sun fi zuwa aski. Ta haɗa da lalle da kwalliyar amare, a zango nan kasuwar take, balle lokacin sallah.