Wane abinci ya dace da mai karɓar maganin ciwon daji?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a unguwar Birni:

Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu tana karɓar maganin ciwon daji na mama a Yamai, irin wanda ake ƙarawa ta jijiya, kuma duk lokacin da ta dawo Damagaram sai abinci ya gagare ta. Ƙanshin miya yana tayar mata da zuciya, bakinta ya yi gyambo, ko ruwa ta sha sai ta ce ɗanɗanon ƙarfe take ji. Wasu dangi sun ce a hana ta nama da ƙwai domin wai suna ciyar da cutar. Ina roƙon masu sani su ba mu shawara.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku hana ta nama da ƙwai, domin maganin yana taɓa lafiyayyun ƙwayoyin baki da hanji da ɓargo, kuma da abinci mai gina jiki ne suke farfaɗowa. Idan ta rame da yawa, likita kan ɗage ranar magani. Maimakon a ajiye mata kwanon tuwo ta kalla ta kau da kai, a ba ta kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6 a yini: kunun gyaɗa da madara, dafaffen ƙwai, wake da ya nuna luguf, romon kaza. A bar abincin ya huce, domin tururi ne ke ɗauko ƙanshin. Yaji da tsamiya da lemon tsami da kilishi a dakata da su har bakin ya warke, kuma ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Amsar wani magidanci daga Zengo:

Na yi jinyar maiɗakina a irin wannan hali. Abin da ya fi karɓar ta shi ne fura mai laushi, kuma da muka daina ba ta cokalin ƙarfe muka koma ludayin duma, ƙorafin ɗanɗano ya ragu sosai. Shayin citta marar ƙarfi ma ya taimaka mata.

Ma'aikaciyar jinyar ta ƙara da cewa:

Malam, furar tana da kyau, amma akwai sharaɗi mai nauyi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagayen magani, fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki daga cuta sukan yi ƙasa ƙwarai, har ƙwayar cutar da ba ta damun mai lafiya ta iya kwantar da ita. Saboda haka kada a dama da nonon talla wanda ba a san ko an dafa madararsa ba. A dama a gida da tafasasshen ruwa da madarar gari. Salak da ɗanyen kwaɗo a bar su, zogale kuma a dafa shi sosai. Jiƙo da saiwoyi, ko da masoyi ne ya kawo, kada ta sha sai likitanta ya sani, domin wasunsu suna wahalar da hanta ko su ci karo da maganin. Idan zafin jikinta ya kai digiri 38, ko amai ya hana ta riƙe ruwa yini guda, ku kai ta asibiti a take, ko da tsakar dare ne, ku tafi da takardun maganinta.