Taƙaitawa: Yadda Za A Tuna Da Marigayi Mai Shirin Yara

Abin da na tsinta daga bakin 'yan uwa na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, kan yadda za a tuna da marigayi mai shirin yara a talabijin:

1. Addu'ar arba'in, kowa ya amince, amma da izinin iyalinsa.
2. Tsofaffin kaset ɗin bidiyo (VHS) na shirinsa: damshin Accra na sa su funfuna. Wanda ya yi fari-fari kada a saka shi a na'ura, zai ɓata ta. A goge tukuna, a juye a kwamfuta, kwafi biyu, wuri daban-daban.
3. Kafin a saka shirin a Facebook, a tambayi gidan talabijin. Galibi haƙƙin mallakar shirin nasu ne.
4. Nan aka rabu: wasu na son taron yara da waƙoƙinsa, malamai suka ce rijiyar burtsatse a makaranta, sadaka mai gudana. Ina bayan malamai.
5. Kuɗin gudummawa da za a tura ta waya (MoMo), mutum biyu su riƙe lissafi.