Mayotte: Faransa ce ta ƙwace, ko su ne suka ƙi tafiya?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Yau ina koyar da tsibiran Tekun Indiya wani yaro ya tambaye ni me ya sa aka rubuta Faransa a ƙarƙashin Mayotte a taswira. Ɗan tsibiri ne tsakanin Madagaska da Mozambik, murabba'in kilomita 374, mutane sun haura dubu 300, kusan dukkansu Musulmi. Yarensu Shimaore ɗan'uwan Suwahili ne, amma kuɗinsu yuro, shugaban ƙasarsu yana Paris. Na ce masa su suka zaɓa. A nan kuma zan ƙara abin da ban faɗa a aji ba: da ni ne a can, da abin da zan zaɓa ke nan.

Issoufou Damagaram: Wa alaikumus salam. Haba Malam, ka cuci yaron nan. Tsibiran Komoros huɗu ne, Ngazidja, Anjouan, Mohéli da Mayotte, kuma Faransa da kanta ta mulke su a matsayin yanki guda. A Disamban 1974 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 95 cikin 100 suka ce 'yanci. Da Faransa ta ga sakamako sai ta ce a'a, tsibiri-tsibiri za a ƙirga. An taɓa canza dokar wasa bayan an hura usur?

Malam Habibu: To faɗi abin da ƙirgen ya nuna mana. A Mayotte kusan kashi 63 suka ce ba su tafiya. A Fabrairun 1976 aka sake tambayarsu, sama da kashi 99 suka ce Faransa. A 2009 kashi 95 suka yarda a mai da su cikakkiyar gundumar Faransa, 2011 suka zama ta 101. Sau uku fa, Issoufou. Ba a yi wa mutum aski a bayansa har sau uku.

Issoufou Damagaram: Ni za a koya wa ƙuri'ar Faransa? A 1958 Djibo Bakary da Sawaba suka ce a kaɗa "a'a" kamar Gini, aka tashi aka ce Nijar ta ce "i". Tsofaffinmu sun san yadda aka yi. Sannan a 1976 ɗin da kake magana, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kawo ƙuduri a kan Mayotte, Faransa ta hau kujerar na-ƙi. Mai gaskiya me zai sa ya toshe bakin alƙali?

Hajiya Rakiya: Ku dakata, ku biyun kuna magana kamar mutanen tsibirin gumaka ne. Akwai dalilin da ya sa suka ƙi. Tun 1841 Mayotte ke hannun Faransa, sarkinsu Andriantsoly ne ya miƙa ta, sauran ukun sai bayan shekaru da yawa. Hedikwatar yankin duka tana Dzaoudzi, a Mayotte. A 1958 aka yanke shawarar mai da ita Moroni, a tsibirin Ngazidja, babban birnin Komoros na yau. Ma'aikata suka kwashe, ciniki ya mutu, mata da yawa aka bar su da 'ya'ya. Matan ne suka tashi, shugabarsu Zéna M'Déré. Kun san makaminsu? Cakulkuli! In ɗan siyasar Moroni ya sauka sai su kewaye shi su yi ta yi masa cakulkuli har ya gudu, tunda ba dokar da ta hana. Tsoronsu maƙwabta ne, ba Bature ba. Issoufou ɗana, wannan ba jandarma ne ya sa su ba.

Ummi: Cakulkuli kuma? Anti don Allah da gaske?

Hajiya Rakiya: Da gaske 'yata. Har yau ana girmama su a can.

Bashir Mubi: Yaya Issoufou, ina da tambaya. Ranar 11 ga Fabrairun 1961 aka yi ƙuri'a a Kamarun da Ingila ke riƙo. Aka ƙirga arewa daban, kudu daban. Mu arewa muka zaɓi Najeriya, aka kira mu lardin Sardauna, kudu suka bi Kamaru. Da an haɗa ƙirgen, da wani ɓangare ya tafi inda bai so. In ƙirge daban-daban haramun ne, ni ɗan wace ƙasa ne yau?

Issoufou Damagaram: Bashir, naku Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara shi, kuma tun kafin ranar kowa ya san daban za a ƙirga. Sannan ku zaɓi tsakanin ƙasashen Afirka biyu kuka yi, Ingila ba ta riƙe Mubi don kanta ba. A nan mai rabon ne ya ɗauki kaso. Babban zauren Majalisar ya sha cewa Mayotte ta Komoros ce, Tarayyar Afirka ma haka.

Bashir Mubi: Wannan na karɓa, akwai bambanci.

Malam Habibu: Mu bar shari'a, mu duba abin da ya biyo baya. Ahmed Abdallah, shugaban ƙasar na farko, ya ayyana 'yancin Komoros ranar 6 ga Yulin 1975, wata guda bai cika ba aka kifar da shi. Daga nan juyin mulki da yunƙurinsa sun kai ashirin. A 1997 Anjouan kanta ta ɓalle tana roƙon Faransa ta karɓe ta, Faransa ta ƙi. Yau daga ina jiragen kwasa-kwasa, ƙananan kwalekwalen masu ƙetarawa a ɓoye, suke tasowa, ina suke nufa? Ba wanda ke tsere daga Mamoudzou, babban birnin Mayotte, zuwa Moroni.

Issoufou Damagaram: Wa ya kifar da gwamnatocin? Bob Denard, sojan haya ɗan Faransa, shi ya yi ta naɗawa da saukewa har 1995. Ka karya wa mutum ƙafa sannan ka ce ku dubi gurgu.

Dakta Nasiru: Na yi shiru ina karantawa, amma maganar kwasa-kwasan nan ba ta wucewa haka. Tsakanin Anjouan da Mayotte kilomita 70 ne kacal. Kaka da kakanni ana ƙetarawa biki, jinya, aure, kamar mutumin Jibiya da Maraɗi. A 1995 gwamnatin Balladur, firaministan Faransa na lokacin, ta sa biza. Tun daga nan sai dare, sai ƙaramin kwalekwale da aka cika maƙil. Rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum dubu 7 zuwa dubu 10 sun nitse. Wanda ya tsira ya iso, ana ce masa baƙon haure a garin gwaggonsa. Kusan rabin mazauna Mayotte ba su da takardar zama ɗan ƙasar Faransa. Ana kama uwa a mai da ita Anjouan, 'ya'yan su rage a unguwar kwano ta Kawéni ba mai kula. In an ce "sun zaɓa", a tuna wanda ya biya kuɗin zaɓin.

Su kansu 'yan Mayotte, Malam, wace Faransa suka samu? Kashi 77 suna ƙasa da layin talauci na ƙasar. Tallafin marasa aiki rabin na Paris ne, mafi ƙarancin albashi ma ƙasa yake. A 2023 famfo rana ɗaya cikin uku yake kawo ruwa. Kusan komai shigo da shi ake, ɗan turaren ilan-ilan da banila da suke nomawa ba su riƙe gida, albashin gwamnati ne ke juya kasuwa. Guguwar Chido ta zo ranar 14 ga Disamban 2024 ta share unguwannin kwano. Shugaba Macron na Faransa ya je, mutane na kukan ruwa, ya ce musu in ba don Faransa ba da sun fi haka shiga uku sau dubu goma.

Ummi: Kai! Wannan ai gori ne.

Malam Habibu: Gori ne, ban musa ba. Amma Dakta, da aka ƙaddamar da aikin Wuambushu a 2023 na rusa gidajen kwano da korar baƙi, su wa suka fito suna cewa a ƙara? Matan Mayotte ne, har suka tare asibitoci. Fushinsu da Paris na cewa ba a ba su daidai ba ne, ba na a sake su ba.

Malam Auwalu: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Da alƙalan Musulunci ke yanke musu shari'ar aure da gado. Don a zama gunduma aka ƙwace musu hukunci, suka koma masu sulhu, aka hana ƙarin aure. Wannan ma cikin ciniki yake?

Hajiya Rakiya: Cikin ciniki yake Malam, kuma an gaya musu kafin ƙuri'ar 2009. Limamai da dama sun yi wa'azi a ƙi, jama'a suka kaɗa "i". Na san ba daɗi, amma ba a ɓoye aka yi ba.

Issoufou Damagaram: Mai jin yunwa aka nuna wa tukunya aka ce zaɓi. Malam Habibu, gobe ka gaya wa yaron duka: 63 na Mayotte da 95 na tsibirai huɗu.

Malam Habibu: Zan rubuta su biyun a allo. Amma har yanzu ba ka ba ni amsa ba. In gobe Faransa ta naɗe tabarma, mutanen kuma suka ce ba su bin Moroni, da me za ka kai su?

Issoufou Damagaram: A fara cire bizar tukuna, a bar mutum ya je jana'izar ɗan'uwansa da rana. Sai mu yi maganar sauran.